Abin da Na Binne a Bangon Inna Astajam

Inna Astajam ta aiko jikanta da sassafe,
wai bangon ɗakinta ya yi zafi kamar goshin mai zazzaɓi,
wai ana jin ƙaurin roba alhali ba a hura wuta ba.
Na ɗau filaya da guduma, muka nufi Lainde,
ban ce uffan ba a hanya.

Na san gidan.
Shekara goma sha tara ke nan, ni na ja masa lantarki,
ranar da Malam Hamajoda ya fara barina ni kaɗai,
zai tafi Gidar jana'izar yayarsa.
Ya ce: ga tsani, ga kuɗin kaya.

Karatunsa kullum guda ne:
"Aiki iri biyu ne, yaro.
Akwai na sarari, ka bi bango da ƙusa da maƙali,
layi miƙe kamar ɗinkin tela,
in ka karkace ko yaran gida sa gani.
Akwai na ɓoye, ka sassaƙe bulo, ka kwantar da bututu,
ka zura, magini ya shafe da siminti,
daga nan ba mai duba ka sai Allah.
Na farko hannu yake so,
na biyu gaskiya."

Ja ce ke ɗauke da rai, shuɗiya ta mai da shi gida.
Mai kore da rawaya zaman banza take yi
sai ranar tsautsayi, ta kwashi mugunta ta kai ƙasa.
Duk na haddace kamar sunana.
Sai dai akwai wani keke a babbar kasuwar Garwa
da ya riga ya shige mini zuciya.

Na sayi siririya a madadin mai kauri.
Ta ƙasa na bar ta a shago, wa zai ƙirga?
Bututu ya ƙare saura kamu uku,
na cusa ragowar tsirara,
na murɗe mahaɗa da yatsu, na naɗe da tef,
na ce, shafe, Baba, an gama lafiya.

Ƙwai ya kama, aka rangaɗa guɗa,
aka ba ni kunun gyaɗa har da tukuici.

Lokacin ƙwai biyu ne da rediyo.
Yanzu ga firjin ƙanƙarar sayarwa,
ga fanka uku suna kokawa da zafin bazara,
ga dutsen guga, ga injin markaɗe.
Lagdo na turowa, ita kuwa tana ɗauka a cikin duhu,
kayan raƙumi a bayan akuya.

Na kashe mita. Na sa kurfi daidai wurin,
ban ko lalube ba.
Sara huɗu, ga ta:
baƙa ƙirin kamar totuwar da ta kwana a murhu,
taki ɗaya tsakaninta da katifar jikoki.

Jibirilla, yarona, ya leƙo ya yi tsaki:
"Wane marar imani ne ya yi wannan?"
Ya juya ta a tafinsa. Murɗin ya bi hagu.
Ya dubi hannun da na riƙe guduma da shi,
ya sunkuyar da kai.
Na ce, ɗago, ba kai ke da ita ba, kunya.

Kwana uku muka yi.
Mai kauri ga firji, layinta daban, makarinta daban,
kowace mahaɗa cikin akwati mai murfi,
sandar tagulla muka kafa a gindin randa
inda ƙasa ba ta bushewa.
Da maraice Inna ta kwance bakin zane.
Na ce, mayar, an biya tuntuni.
Ta dube ni, ta daɗe,
ta ce, to Allah ya kai ladan ga mai biya.

Keken ko shekara bai yi ba aka sace shi a bakin gada.
Magini zai zo gobe da siminti.
Na ce wa Jibirilla kada a shafe
sai ya bi kowane kamu da idonsa,
ɗaya bayan ɗaya.